Yadda ake keɓe ɗan daji a bakin gari, a raya shi, mutane su riƙa zuwa shan iska

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Jigawa ya san yadda bayan gari yake a da, ka fita kaɗan sai ka faɗa cikin sabara da kalgo, ga kanya ga magarya, yara na tsinka, kurciya na kuka. Yanzu garin ya ci gabansa, fuloti ya cinye wani wajen, masu itace da gawayi sun cinye sauran. Ni na yi wannan aikin na keɓe wuri sau biyar a garuruwan da ke tsakanin Ringim da Taura da Gumel, biyu sun mutu murus, uku suna nan, kuma gaskiya biyun da suka mutu su suka fi koya min aikin. Abin da nake nufi ba lambu ba ne, ba filin ƙwallo ba ne, ba kuma babban gandun daji irin na Baturiya ko Falgore za mu yi ba, ɗan wuri ne kawai da za a bar wa itatuwansa da ciyawarsa da tsuntsayensa, a fitar da 'yar hanya a ciki, a sa wurin zama, tsoho ya zo ya huta, ɗalibi ya zo da littafinsa.

Kafin komai ka riƙe wannan: dashe shi ne kusan na ƙarshe. Yawancin matasa da dashe suke farawa saboda shi ne ake ɗaukar hoto, shi ya sa aikin nasu ba ya kai wata shida.

Kayan da za ka tanada

Littafi da biro da waya mai kyamara. Igiya doguwa ko tef na awo, in babu ka yi da taku, takun babban mutum ya kusa mita ɗaya. Adda mai kaifi sosai, ƙaramin gatari, fartanya, diga, shebur, manjagara, lauje, baro ko da na aro ne. Jarkoki da bokiti da tsofaffin tuluna. Jan fenti ko jan tsumma. Turaku, da siminti buhu ɗaya ko biyu saboda alamar iyaka. Takin gida da toka da ledojin fiya wata da aka yar. Galibin kayan ƙarfen nan za ka same su a kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko wajen maƙerin garinku. Sai kuma mutane, aƙalla biyar da ka san ba za su gudu ba in rani ya yi tsanani, wannan ya fi duk abin da na lissafa wuyar samu.

1. Zaɓar wuri

Ka nemi wurin da babu mai kwaɗayinsa sosai amma bai yi nisa da gari ba, wanda tsoho zai iya takawa da sandarsa. Gefen kududdufi, kufai, bakin rafi, ko fako da aka gaji da nomawa. Kar ka raina fako, ana farfaɗo da shi, zan zo kan wannan. A karon farko kar ya wuce girman filin ƙwallo ɗaya, in ka ɗebo da zafi shingen kaɗai zai kayar da kai.

Ka je wurin sau biyu, da rani da kuma bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Abu biyu kuma kar ka kusance su: burtali da maƙabarta. Burtali hanyar shanu ce tun kaka da kakanni, in ka tare shi ko da taku goma ne ka jawo wa garinku rigimar da ta fi ƙarfinka.

2. Sarakuna da takarda

Nan ne na fara shan kashi. Wurina na farko baki da baki muka yi, dattijon da ke kula da filin ya ce "ai ku yi, Allah ya yi albarka", muka yi shekara uku muna wahala, Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar arba'in sai ga magada da mai awo, aka yanka wurin fuloti-fuloti, ina tsaye ina kallo aka sare bagaruwar da ta fi ni tsawo. Ba ni da ko guntun takarda da zan nuna.

Saboda haka ka bi tsani yadda yake: mai unguwa, shi zai kai ka wajen dagaci, dagaci ya kai maganar gaban hakimi, sannan ƙaramar hukuma. A dokar ƙasa ta 1978 filin da ke karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe shi, don haka hannunta ya zama dole a takardar. In ka je gaban dagaci kar ka fara da maganar sauyin yanayi da hamada, ka ce "ranka ya daɗe, wuri muke roƙo a keɓe wa gari, sunan gari zai ɗauka ba sunan kowa ba, kuma a ƙarƙashinku zai zauna". Takardar ta faɗi iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, ta ce ba a sayarwa ba a gini ba a noma, maƙwabtan gonaki su sa hannu, liman ya sa hannu. A yi kwafi huɗu a raba, ka kuma ɗauki hotonta a waya. In filin na gado ne to kowane magaji sai ya sa hannu har mata, in ɗaya ya ƙi ka haƙura ka nemi wani wurin.

Ranar da aka gama, a ranar za a kafa alamar siminti a kowace kusurwa a gaban shaidu. Turken icce ana tsige shi da dare.

3. Zama da masu amfani da wurin

Babu filin da ba shi da masu shi a ɓoye. Akwai mata masu itace da masu ɗiban kuka da tafasa, akwai masu sassaƙen magani, akwai yara masu kiwon awaki, akwai Fulani, akwai mafarauta, sannan mu faɗi gaskiya akwai masu zagawa bayan gari a wurin. Duk wanda ka rufe wa ƙofa ba ka zauna da shi ba shi ne zai fasa maka shinge.

Ka je wajen Arɗo da kanka da goronka, kar ka aika. Ni abin da na saba faɗa shi ne "Baffa, shekara uku muke roƙo dabba kar ta shiga, bayan kaka kuma ciyawar da za mu yanka ku ne farkon waɗanda za a yi wa tayi". Mata kuma a samu wata dattijuwa da ake jin maganarta ta tara su, a gaya musu rassan da za a riƙa sassabewa nasu ne kyauta, ganyen kuka da 'ya'yan tsamiya a ɗiba da hannu amma ba da gatari ba. Masu sassaƙe su ɗauki gefe ɗaya na icce su shafe wurin da laka, kar su zagaye shi, iccen da aka zagaye wa ɓawo ya mutu ke nan.

Daga nan a fitar da kwamiti ƙarami, mutum bakwai sun isa, da mace aƙalla biyu da wakilin makiyaya. A roƙi liman ya taɓo maganar ranar Juma'a, akwai hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi, kuma keɓe fili don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci, hima ake ce masa. Wannan ya fi allon gargaɗi goma aiki.

4. Ƙidaya abin da ke wurin

Bayan sallar asuba ka ɗauki tsoho ɗaya da ya san daji ku zaga a hankali. Ka rubuta kowane babban icce, ka rubuta tsuntsayen da kuka gani ko kuka ji, da ramukan kurege ko bushiya, da sawun zomo in akwai. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kututture. Duk ɗan cunkus ɗin sabara ko kalgo ko aduwa ko magarya da kake gani kamar ciyawa a ƙasa, wanda manomi ke sassabewa duk shekara, icce ne cikakke da saiwarsa a ƙasa, kai kawai aka hana shi fitarwa. Ka ɗaura wa kowanne jan tsumma ka ƙirga. A wuri na uku da na yi, wanda kowa ke cewa babu komai a ciki, mun ƙirga fiye da ɗari biyu kafin rana ta yi zafi, tsohon da ke tare da ni ma sai da ya riƙe baki.

5. Shinge

Akuya ita ce babbar abokiyar gaba, ba hamada ba. In akwai kuɗi a sa waya mai raga da turakun ƙarfe a zuba musu siminti a gindi, don wallahi ana sace su. In babu kuɗi, kuma galibi babu, a yi shingen ƙaya na wucin gadi, amma kar a je a ƙarar da ƙayar wani dajin don a kare wannan, a yi amfani da rassan da aka sassabe da wanda manoma suka share daga gonaki.

Wanda zai daɗe shi ne shinge mai rai. A sari rassan aguwa kamar tsawon hannu, a bar su kwana biyu uku bakin ya bushe, a kafa su kusa da kusa a ƙarshen rani wajen Afrilu zuwa Mayu kafin ruwa ya sauka. In ka bari sai tsakiyar damina ruɓewa suke. Ka kula da ruwanta mai kama da nono, kar ya shiga ido. Ta ciki kuma in damina ta zauna a shuka 'ya'yan bagaruwa da magarya a layi, shekara uku sun haɗe. Ƙofa ɗaya tak, mai ƙyaure, ƙunƙuntacciya yadda babur ba zai shiga ba.

6. Sassabin zamani

Wannan shi ne zuciyar aikin. Mutanen Maraɗi a Nijar su suka shahara da shi tun shekarun 1980, kuma da shi suka mayar da itatuwa gonakinsu ba tare da dashe ba. Ga yadda ake yi. Ka tsuguna gaban kututturen da ka sa wa alama, za ka ga ya fitar da tsiro wajen goma ko ashirin duk suna kokawar abinci. Ka zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa da ƙarfi, sauran ka yanke su daga gindi. Waɗanda ka bari ka cire musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kar ka wuce rabi, in ka yi masa ƙwal iska za ta karya shi ko akuya ta lanƙwaso shi.

Addar ta zama mai kaifi kamar aska, kuma ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama reshen yana tsagewa ya ɓare ɓawon ya bar rauni, gara ta samu ƙofa. Wannan kuskuren kusan kowane sabon hannu yana yinsa, ni ma na yi. Bayan wata huɗu zuwa shida ka dawo ka sake cire sabon tsiron da ya fito. Shekara ta biyu za ka iya rage su zuwa ɗaya ko biyu.

Dalilin da ya sa ya fi dashe: saiwar ta riga ta kai inda danshi yake, ba ta buƙatar ko kofi ɗaya na ruwa daga gare ka. Kalgon da muka gyara haka a shekara biyu ya yi inuwar da mutum zai zauna, alhali tsamiyar da muka dasa rana ɗaya da shi ba ta wuce gwiwa ba. Sai dai kar ka gyara duka, ka bar wasu cunkus ɗin yadda suke musamman can ciki, nan ne fakara da zomo da ƙananan tsuntsaye ke ɓuya su yi sheƙa. Dajin da aka share ƙasansa tas kamar tsakar gida ba daji ba ne.

7. Tare ruwa a fako

Inda ƙasa ta ƙeƙashe ruwa na gudu a kai, a yi rabin wata tun da rani. Ka zana rabin da'ira faɗin taku uku zuwa huɗu, bakin a buɗe yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ka fasa cikin da diga kamar zurfin tafin hannu ɗaya da rabi, ƙasar ka tara ta a bayan lanƙwasar ta zama kunya. Layi na biyu ya faɗo a tsakanin na farko kamar ɓawon kifi. A zuba taki a ciki a watsa irin gamba. In ka juya bakin ya kalli gangare to aikin banza ka yi, na taɓa ganin an yi guda arba'in a haka.

8. Dashe, sai yanzu

Inda babu kututture ne kaɗai za ka dasa. Ka fi ba itatuwan gida ƙarfi: kuka, tsamiya, gawo, aduwa, kurna, marke, ɗorawa da ɗinya in ƙasar na da danshi, giginya ko goriba a bakin ruwa. Cediya da durumi reshe ake kafawa, suna saurin inuwa kuma tsuntsaye na son 'ya'yansu. Gawo kuwa shi da rani yake ganye lokacin da kowa ya zubar, ka ga inuwa ta samu a watan da aka fi buƙata.

Darbejiya ba tamu ba ce asali, daga Indiya ta zo, tana da inuwa kuma akuya ba ta cika damunta ba, amma ka tsayar da ita a bakin ƙofa guda biyu uku, don tsuntsaye da jemagu na baza 'ya'yanta, in ka yi sake sai ta mamaye wurin. Iccen turare kuma ni ba na sa shi sam, yana shan ruwa kuma ciyawa ba ta son ƙarƙashinsa.

Irin dashe za ka iya tambaya a sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, Kano da Jigawa duk suna cikin jihohi 11 na shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada. In ba a samu ba ka raina da kanka tun watan Maris: ledar fiya wata a huda gindinta, ƙasa kashi biyu taki ruɓaɓɓe kashi ɗaya. 'Ya'yan kuka da gawo da bagaruwa ɓawonsu na da tauri, a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ko a goga gefe ɗaya a dutse.

Lokacin dashe Yuli ne zuwa farkon Agusta, in ruwa ya zauna. Wasu masu taimako daga birni sun taɓa kawo mana dashe ɗari uku a ƙarshen Satumba, aka yi taro aka yi hoto, kafin hunturu ya fita ko ashirin ba su rage ba. In an kawo maka a makare ka ajiye su a inuwa a gida kana ba su ruwa har wata daminar. Rami ya kai zurfin kamu ɗaya, manyan itatuwa taku takwas zuwa goma tsakaninsu, kuma kar a jera su a layi kamar sojoji. A cire ledar kafin a binne, kar ka yi dariya, ana mantawa. A barbaɗa toka saboda gara. Ranin farko sai an ba su ruwa, dabarar da ta fi sauƙi ita ce a binne tsohon tulu a gefen dashen a cika shi a rufe baki, yana tsatsafowa a hankali, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. In babu tulu a huda gorar roba da allura. Kar ka dasa fiye da abin da za ku iya shayarwa a watan Afrilu.

9. Hanya da wurin zama

Hanya ɗaya mai zagayowa ta dawo ƙofa, faɗin da mutum biyu za su jera, a yi mata iyaka da duwatsu ko guntayen icce. Wurin zama a sa shi a kashi ɗaya cikin uku na kusa da ƙofa, can ciki a bar wa tsuntsaye da namun daji. Gungumen icce ya isa benci, na siminti ya fi daɗewa amma kar a mayar da wurin tasha. A share ɗan wurin salla, a ajiye randa da buta da kwandon shara.

Dokokin su zama kaɗan yadda yaro zai haddace: ba babur, ba lasifika, ba danƙon harbin tsuntsu, ba wuta, ba a zagawa a ciki, ana rufewa da magariba. Ta ƙarshen nan kar a yi wasa da ita, wuri mai duhuwa a bakin gari in babu ido a kai 'yan shaye-shaye ne za su gaje shi, daga ranar kuwa babu uban da zai bar 'yarsa ta je. Shi ya sa nake sa benci inda mai wucewa zai hango. A wani garin mun ware yammacin Alhamis don mata da yara kawai, kuma su suka fi kowa kawo rahoton mai sara. Gefen hanya a riƙa yanke ciyawa taku ɗaya hagu da dama saboda maciji, kar a tara itace kusa da wurin zama. In akwai kududdufi a ciki a kare gefen da ke da zurfi da ƙaya, yara ba sa jin magana.

10. Wuta da ciyawa

Da an gama kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin iskar hunturu ta taso, a share zagayen wurin ƙasa tas faɗin taku huɗu zuwa biyar ta wajen shinge. Yara masu farautar gafiya da masu cin zuma su ne ke tayar da wutar galibi. Ciyawar ciki a yanka rabi da lauje bayan ta zubar da iri, a bar rabi, baɗi a juya. A ɗaure a ajiye sai rani ya yi nisa ta yi daraja, a fara yi wa makiyaya tayi kamar yadda aka yi alkawari, gamba kuma masu zana na saye. Kuɗin nan shi ne ɗan alherin mai gadi da gyaran shinge, ma'aji ya karanta lissafin a gaban mutane ko da bai taka kara ya karya ba.

11. Littafi da tara

Ka zaɓi wuri uku ka kafa turke, duk Agusta da duk Maris ka tsaya a kansu ka ɗauki hoto ta fuska ɗaya. Ka rubuta dashe nawa ya rayu, wane tsuntsu ya ƙaru, ranar da shamuwa ta fara sauka. Hotunan nan su za ka nuna wa sabon hakimi ko sabon ciyaman in an zo da maganar fuloti, don za a zo.

Tara kuma a yanke ta tun ranar zaman farko a rubuta, kuma kwamiti ba ya karɓa da hannunsa, gaban mai unguwa ake kai mutum. Mu abin da muka ga ya fi kuɗi tasiri shi ne wanda ya sari icce ya dasa biyar ya shayar da su rani guda da jarkarsa. Wanda aka fara kamawa a wurinmu na huɗu ƙanin wani ɗan kwamiti ne, aka yi ta "a yi haƙuri na gida ne", yayan nasa da kansa ya ce a'a, ya ba shi aron baro. Dabbar da ta fasa shinge kuma a kama ta a ɗaure a ƙofar mai unguwa, a ba ta ruwa da abinci har mai ita ya zo, kar wanda ya dake ta.